Kambun Gwaggo

Tun da aka fara yi wa Baba wankin ƙoda a Kano, babu abin da ya tsana kamar robar da aka sa masa a wuya. Ta nan ake jan jininsa zuwa na'ura a dawo da shi. Robar ba ta son ruwa, ga mutumin da ya tsufa a cikin gonar shinkafa a Kura, kullum ruwa har gwiwa. Wanka sai dai a goge shi da tsumma. Bakinta kuma ya sha ruruwa, zazzaɓi ya kwantar da shi har mu fara cire rai.

Likita ya ce da mafita. Za a haɗa jijiyoyi biyu a hannu, in sun yi ƙwari a dinga sa allurar wankin a nan, a cire robar. Ya duba hannun dama ya girgiza kai, ƙarin ruwan da aka yi ta yi wa Baba a kemis ya gama da jijiyoyinsa. Saura na hagu. In shi ma ya lalace, sai dai a dasa wata siririyar roba a ƙarƙashin fata, in an dace, ko a koma wuya.

Aka yi aikin. In ka ɗora yatsa a wurin sai ka ji yana ɓari kamar tiyon injin ban-ruwa. Likita ya ja mini kunne: wannan ɓarin shi ne ransa. Kada ya ɗauki kaya da hannun, kada ya kwanta a kansa, kada a ɗaure shi da komai, ko da agogo ne.

Ni kuwa na zama ɗan sandan hannu. Na kama Baba zai ja igiyar inji da shi, na ƙwace. 'Yan dubiya kowa sai ya taɓa, ya janye yatsa yana salati. Wanzamin unguwarmu ya ga jijiyar ta tashi ya ce mataccen jini ne, ƙaho ɗaya zai fidda shi. Na raka shi har ƙofar gida ban ba shi ko ruwa ba. Aka fara cewa boko ya ɗebe mini kunya. Na ji haushi, amma na ce a faɗa, tunda dai an cire robar wuya, Baba ya yi wanka da bokiti yana dariya kamar yaro.

Sai ga Gwaggo daga Bunkure. Ita ce yayar Baba, ita ta goye shi. Ta taɓa hannun, ta ce jikin mutum ba ya rawa haka kawai, akwai abin da ya shiga. Na yi mata bayani har bakina ya bushe. Ta ce to. Ni da na san Gwaggo, ban san me ya sa na yarda da wannan "to" ɗin ba.

Lokacin girbi ne, na tare a gona. Da na zo shirya Baba ranar wanki, na ɗora yatsa ban ji komai ba. Na naɗe hannun rigarsa. Kambu ne a damtsensa, an ɗaure shi tam har fatar ta kumbura.

"Baba, ba ka ji yana matse ka ba?"

"Na ji."

"To me ya hana ka kwancewa?"

"Yaya ce ta ɗaura da hannunta. Da ƙafa ta je ta karɓo shi."

Na rasa wanda zan yi wa faɗa. A asibiti likitoci suka saurari hannun, suka ce jinin ya daskare, an makara. A ranar aka mayar masa da roba a wuya. A cikin mota, da muka wuce Kumbotso, ya ce kada in kuskura in gaya wa Gwaggo.

Muka tarar da ita a tsakar gida tana jiranmu. Ta kama hannun, ta lalubi wurin, fuskarta ta washe.

"Alhamdu lillahi. Ka gani ko, ɗan nan? Ya kwanta."

Saura kaɗan in gaya mata gaskiya. Na dubi Baba, ya kafe ni da ido, sabuwar filasta fara fat a gefen wuyansa.

"Ya kwanta, Gwaggo," na ce.