Sunan Ɗiyar Fari

Ɗiyata ta fari tana wankan gida a wurina a Turba lokacin da kwamfutarta ta daina tashi. Aikinta na gama makarantar jinya ya rage mata ta buga ta tura, in ta makara sai ta maimaita shekara. Mai jego ba ta hawa babur, sai na naɗe abin a zane na kai garin Isa wurin mai gyara.

Mai gyaran ya rubuta Injiniya a ƙofar shagonsa da fenti ja, har da kuskuren baƙi. Ya ce sai an wanke ta an zuba sabuwar manhaja. Yana cikin zubawa ya ce, "Inna, mi ne sunan mai ita?"

Na ce, "Ɗiyata ce ta fari."

Duk wanda aka goya a ƙasar Gobir ya san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Shi kuwa ya yi dariya ya ce wannan ƙauyanci ne, zamani ya wuce nan. Ya ƙwanƙwasa wani abu da kansa, ya faɗa mani kalmar sirri, ya sallame ni.

A gida ta kunna. Baƙin allo ya nemi suna kafin kalmar sirri. Ta sa nata, ya ƙi. Ta sa na mijinta, ya ƙi. Jinjiri na kuka, ita ma ido ya cika.

Da safe na koma. Mutumin da ya kira ni 'yar ƙauye bai tuna abin da yatsunsa suka rubuta jiya ba. Ya gwada Injiniya. Ya gwada ƙungiyar ƙwallonsa. Ya gwada sunan wata mata, ya waiwaya ya ga ko na lura. Na lura. Daga nan ya ce lallai mun taɓa wani wuri a gida.

Na ce, "Malam, mun taɓa. Madannin kunnawa."

Masu cajin waya da ke zaune a benci suka tuntsire. Ya haɗe rai, ya ce babu dabara sai a sake zubawa daga farko. Na zauna na jira, don bai kai a yi faɗa da shi ba. Da aka iso wurin suna ya ɗago kai.

"To Inna, yau dai sai kin faɗa."

Na ce, "Matsa. Ni za ni sa."

Na yi karatun yaƙi da jahilci bayan na aurar da ita, baƙaƙena kuma ba su da sauri. Na nemo su ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda, bakina a rufe. Na sa ya kashe ya kunna a gabana, na sake bugawa, ta buɗe. Kafin la'asar tana zaune a tabarma tana buga aikinta, jinjirin yana bayana.