Ɗakin da Inna Ta Kama

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce wa ƙanwata, "Kira min wancan." Ba ta tambayata komai, ba ta roƙona komai. Haka al'adarmu take, ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba.

Shekarar da Baba ya rasu, zaman Birnin Tsaba ya riga ya gagara saboda 'yan bindiga. Gona tana nan, amma ba mai iya zuwa. Na ɗauko Inna na kawo ta Ƙaura, inda nake koyarwa a firamare, cikin ciki da falon da nake haya ni da matata da 'ya'ya huɗu. A falo take kwana tare da yara. Da asuba ta naɗe tabarmarta ta jingine bayan kujera, kamar baƙuwar da za ta tafi gobe. Shanun da suka rage muka kai kasuwar Shinkafi. Da aka raba gado, ita da ƙanwata suka haɗa nasu da nawa, aka damƙa a hannuna don in sayi gida.

Dillali ya nuna mini gida biyu. Na farko tsohon ginin ƙasa ne a cikin gari, da zaure, da rijiya, da tsakar gida mai faɗi har da turken awaki. Na biyu jerin ɗakuna shida ne na bulo kusa da tasha, ƙofa na kallon ƙofa. Kuɗin ba za su sayi duka ba.

Wani abokina direba, wanda bai taɓa rasa shawarar da zai ba mutum ba, ya ce, "Malam, gidan zama ba ya haihuwa. Dubi mutanen da ka kwararowa daga Zurmi, kowa ɗaki shika nema. Sayi na haya, shekara ukku ka sai ma tsohuwa wanda ya hi wancan."

Ban yi murna da maganar ba, ban kuma ƙi ta ba. A lokacin komai ɗaya yake a wurina. Tun ranar da muka rufe Baba nake tafiya kamar wanda ya sha maganin mura.

Na dai je na durƙusa a bakin falo na yi wa Inna bayani, ƙanwata tana zaune. Inna tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Ta tambayi ƙanwata, "Na cikin garin, an ce da rijiya?" Aka ce mata e. Sai ta ce, "Duk abin da ya gani."

Na san abin da tambayar rijiyar take nufi. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya sani, iyakar roƙon da za ta iya yi wa ɗan fari ke nan. Amma mai neman kuka ne aka jefa da kashin awaki. Na riƙe maganar ƙarshe, na bar ta farko, na sayi jerin ɗakunan.

Kafin sati biyu ɗaki biyar sun cika, kuma yawancinsu mutanen wajenmu ne. Wanda na tashi ina gaishe shi a durƙushe, yanzu shi ke cewa da ni "mai gida". Ƙarshen wata dillali ya kawo kuɗin haya, in sa a aljihu, ban ji daɗi ba, ban ji kunya ba. Ɗaki na shida ne kawai ya ƙi shiga, don yana jikin banɗaki, rufinsa kuma yana yoyo.

Sai Inna ta fara zuwa can da hantsi, wurin tsofaffin maƙwabtanta. Tare suke surfe, tare suke damu, ba ta dawowa sai la'asar. Na ce to, ta sami inda take rage rana.

Wata Laraba dillali ya same ni a makaranta yana washe baki, ya miƙo mini kuɗi. "An kama na shida, wata shida cur. Wata tsohuwa ta, ba ta ko yi ciniki ba."

Da aka tashi na bi ta can in ga ko wace ce. Na tarar an share ɗakin, an jera kwanuka a gindin bango. Inna tana zaune a kan tabarma a tsakiyar ɗakin, ta miƙe ƙafa. Ban taɓa ganin ta miƙe ƙafa a falona ba. Ƙanwata ta tare ni a bakin ƙofa, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, 'yan kunnenta na aure ta saida. Ta ce ba ta iya roƙonka, amma tana iya biya."

Na durƙusa. Na ce, "Inna, gidan ga ai naki na."

Ba ta dube ni ba. Ta ɗaga kai ta kalli rufi, inda rana ke shigowa ta huda uku, sannan ta ce wa ƙanwata, "Ce ma mai gida ya gyara nan kahin damana."

Na tashi na tafi kasuwa. Na sayo kwanon rufi biyu da ƙusa, da kuɗin da ta biya.