Murfin Tukunyar Malam Isiyaku

Da Babbar Sallar nan da ta wuce, shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Isiyaku makwancinsa a nan Alƙahira. Abokina ne, tare muka zo karatu daga Gusau, muka yi zaman ɗaki ɗaya a unguwar Faisal kafin kowa ya ajiye iyali. Bai bar gida ba, bai bar littafi da sunansa ba. Ya bar matarsa Hajara da 'ya'ya uku, sai wata al'ada guda wadda yau wasu suka mayar rigar ado.

Idan hidimar layya ta lafa, sai Malam ya nemo maikurobas biyu, ƙananan bas ɗin haya, ya bi gida-gida ya kwashi yaran Hausawa, na ɗaliban Faisal da na 'yan'uwanmu Hausawan Sudan da ke unguwar Ard al-Liwa, ya kai su bakin teku a Iskandariyya. Ba ya tambayar wannan ɗan waye. Kowace uwa za ta zuba abin da ya sawwaƙa na soyayyen nama cikin ƙatuwar tukunyar Hajara, wadda ba ta yi layya ba kuma ta zo da hannunta, babu mai kallonta. A shimfiɗa zannuwa a kan rairayi, a fasa kankana, iyaye su miƙe ƙafa ana hira, yara kuwa su yi ta tsalle-tsalle har idonsu ya yi ja.

Shi kansa Malam bai iya iyo ba, ko kaɗan. Sai ya naɗe wando, ya shiga ruwa iya gwiwa, ya juya wa teku baya yana fuskantar yara. Shi ne iyaka, babu mai wuce shi. A hannunsa akwai murfin tukunyar nan da ludayi. Ya ce usur na masu gadin ruwa ne, kowa na busa nasa, amma ƙarar murfi tamu ce mu kaɗai. In ya buga, duk yaron da ke cikin ruwa sai ya fito, ko na cin abinci ne ko na Azahar. Murfin ya sha bugu har ya lotsa a tsakiya.

Bayan rasuwarsa abin ya kwanta. Ni ma ban iya kallon tekun ba. Sai bana wasu daga cikin tsofaffin ɗalibai, waɗanda yanzu ba a kiran su sai da dakta, suka tashi da kwamiti wai za su raya sunnar Malam. Aka buga ƙyalle da hotonsa, aka ɗinka riguna iri ɗaya, aka naɗa shugaba da mataimaki da mai magana da yawunsu. Shugaban shi ne Dakta Mansur. Na san shi tun yana sabon zuwa, siririn yaro mai takalmi ɗaya, wanda Malam ke ɗorawa a kujerar gaba yana ƙara masa nama saboda ba shi da kowa a garin. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Iskandariyya ta yi musu ƙasa-ƙasa, wai cunkoson talakawa. Suka zaɓi wani wurin shaƙatawa a Sukhna, can bakin Bahar Maliya, mai katanga da ƙofa, inda ake ɗaura wa mutum roba a hannu kamar majiyyaci, kuma ba a shiga da abincin waje. Ruwan dai na Allah ne, amma rijiya ta bayar, guga ya hana.

Autar Malam, Sumayya, tana goye lokacin da mahaifinta ya rasu. Ba ta taɓa ganin teku ba, labarinsa kawai take ji a bakin yayyenta. Da ta ji ana shirin yawon Babanta, ta yi mako tana kwana da sabon silifas a gefen filo. Na kuma yi mata alkawari da bakina cewa bana za ta taka ruwan.

Ana jibi tafiya Dakta ya je gidan Hajara, ina zaune. Bayan gaisuwa ya ce, "Umman Sumayya, murfin nan na Malam muke so. Za mu saka shi a gilashi, a ajiye kusa da hotonsa."

Ta ce, "To, Dakta. Ƙarfe nawa motar za ta zo ɗaukar yara?"

Ya gyara zaman tabarau. "Ma'alish, a yi haƙuri, Umma, kujeru sun cika, khalas, an rufe. Ke kaɗai muka tanadar wa wuri a matsayin babbar baƙuwa. Yaran Ard al-Liwa ma mun bar su, ba su da takardu, za su ja mana magana a ƙofa."

Hajara ba mai yawan magana ba ce. Ta ce murfin yana da aiki, ta raka shi bakin ƙofa. Ni kuwa na ci gaba da zamana, don akwai mutumin da ko faɗa da shi ɗaukaka shi ne.

Na sha tambayar kaina me Malam zai ce da ya ga wannan. Ba na jin zai yi fushi. Ina jin zai dubi ƙyallen nan mai hotonsa ya ce a ba shi, zai yi daɗin shimfiɗa wa yara. Na ga hotunan da suka yi ta watsawa daga baya: manya jere cikin riguna iri ɗaya, 'ya'yansu tsaf-tsaf a gefen kwamin wanka kowa da waya a hannu, tekun ma can baya kamar labule. An yi jawabi, an yi tafi, an ambaci sunansa sau ba adadi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Mu kuwa a ranar muka hau jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya, ni da iyalina da Hajara da nata, da yaran Ard al-Liwa iya waɗanda muka iya riƙewa, tukunya a tsakiyarmu. Sumayya ta tsaya a bakin ruwa ta riƙe rigata, kumfa na taɓa mata ƙafa tana ja da baya. Can ta ce, "Baffa, a ina Babana yake tsayawa?" Na nuna mata. Na naɗe wando na shiga iya gwiwa, na juya wa teku baya, ita kuma ta biyo ni da murfi da ludayi, ta ce ita za ta buga.

Sunan Malam yana Sukhna a jikin ƙyalle, su riƙe, mun yafe musu. Abin da ya rage nasa a duniya shi ne yaro ya shiga ruwa ba a tambayi ɗan waye ba, ya fito ya tarar da nama. Allah Ya jiƙan Malam Isiyaku, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Da Azahar ta yi Sumayya ta ɗaga ludayi da hannu biyu ta maka wa murfin. Yaranmu suka fito a guje, jiƙe sharkaf. Tare da su har da wasu yaran Misirawa biyu da ba mu san na waye ba, Hajara ta matsa ta yi musu wuri a bakin tukunya.