Ranar da Baba Ya Ajiye Gammo

Matso kusa, gyara zama, in ba ka labarin wani dattijo ɗan dako.

Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana sauke buhuna daga mota zuwa sito. Da wuyansa ya ciyar da 'ya'ya biyar, har autarsa ta zama malamar makaranta. To, shi da abokan aikinsa suna da maganinsu na ciwon baya: in ƙugu ya riƙe, sai a ɗaure shi tamau da tsumma, a ɗauki buhun da ya fi nauyi, wai nauyin zai mayar da ƙashi mazauninsa. Da wannan ya yi ta lallaɓawa har ya fara jan ƙafar hagu.

Likita ya ce ya bar ɗaukar kaya, in ba haka ba ƙafar ta mutu. Dattijon ya ce to. Washegari sai ga shi yana naɗa gammo.

Autar ta tare ƙofa, takardar asibiti a hannunta.

"Baba, sai ina?"

"Zan je in miƙar da bayan nan. Likitan naku ko buhun gishiri ya taɓa ɗagawa?"

"Bai taɓa ba. Amma ga kalmar da ya rubuta: aggravate. Wato a tsananta abu, ya fi da muni. Su ma Turawan aro ta suka yi daga Latinanci, asalinta kuwa ƙara wa abu nauyi."

Dattijon ya ce, "A ɗora wa wanda ya riga ya ɗauka?"

"Haka fa, Baba."

"Ashe su ma da 'yan dako a danginsu!"

Ya yi dariya har bayan nasa ya soke shi. Sau nawa ya yi cacar baki da direbobi don sun so ƙara buhu a kan mutumin da gwiwarsa ke rawa?

"Ni mai hana a yi wa wani," in ji shi, "ni ke yi wa kaina."

Ya miƙa mata gammon.

Yanzu kan benci yake zama a bakin sito, yana nuna yadda za a jera buhuna kada su rufto. Da ƙafafunsa yake zuwa, da su yake komawa, ɗingishin ma kaɗan ne. Duk wanda ya tambaye shi jiki, sai ya yi hamdala ya ce, "Allah ya yi wa auta albarka, ita ta sauke ni."

Kai fa, da kai ne a wannan safiyar, za ka iya sakin gammon?