Mako Shida a Motar Anti Agogo

Anti Agogo ake ce mata a tashar motocin asibiti, saboda ko gaisawa kuke yi sai ta duba tsintsiyar hannunta. Da sharar ɗakin gaggawa ta fara tun tana budurwa, tana karatu da yamma, har ta ci jarrabawa aka sa ta a mota. Shekara goma sha tara ke nan. Yanzu duk ɗalibin agajin gaggawa da aka turo koyon aiki, mako shida yake yi a motarta, kuma ba ya wucewa sai ta sa hannu.

A bara aka turo mata wata ɗaliba doguwa sambal, direba ya laƙaba mata Guntuwa, sunan ya bi ta. Ranar farko Anti ta tsayar da ita a bayan mota.

"Shida da rabi in same ki a nan. Ki duba tukunyar oksijin da idonki, kada ki ce an ce miki a cike take. Abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba. Kuma kada ki taɓa ce wa dangin majiyyaci zai warke."

"To, Anti. Ko don a kwantar musu da hankali?"

"Ko don haka."

Yarinyar tana da hannu, ga saurin ɗauka. A mako na huɗu, da rana tsaka, aka kira su shagon wani kafinta da ya yanke jiki ya faɗi. Suka same shi kwance cikin garin katako, fensir na maƙale a kunnensa. Suna ɗora shi a gado matarsa ta iso da kwanon abincinsa, ta riƙe rigar Guntuwa tana tambaya.

"Zai tashi, Mama, kada ki damu," in ji Guntuwa.

Minti arba'in suna karɓa-karɓa wajen danna masa ƙirji, a shago da cikin mota. Bai tashi ba. A ƙofar asibiti matar ta wuce likita, ta wuce Anti, ta tsaya gaban Guntuwa.

"'Yar nan, ba ke kika ce zai tashi ba?"

Anti ta bar su minti biyu, sannan ta ja matar gefe ta yi mata bayani. Da suka koma tasha ta miƙa wa ɗalibar tsumma da bokiti, su biyu suka wanke gadon. Ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta buɗe abincinta ta fara ci.

Guntuwa ta ɗago, idanunta jawur. "Anti, ke ba kya jin komai?"

Anti ta yi tunani da gaske kafin ta amsa. "Ina jin yunwa. Ƙafata ma tana ciwo."

Guntuwa ta ƙarasa makonninta ba ta sake yin wannan kuskuren ba. Anti ta rubuta cewa ta cancanta, ta sa hannu. Daga baya ta ji labarin yarinyar ta nemi a mayar da ita ɗakin shan magani, ba ta ƙara hawa mota ba.

Ranar da ta ji labarin, ta koma gida ta tarar autarta ta ƙone a hannu da dutsen guga. Ta kai hannun ƙarƙashin famfo, ta duba girman ƙunar, ta naɗe shi tsaf.

"Mama, ko sannu ba ki ce mini ba."

"Sannu," in ji Anti.

Yarinyar ta shige ɗaki. Anti ta zauna a kujerar falo da takalmin aiki a ƙafarta, ta daɗe ba ta cire shi ba.