Bijimin da Ya Kai Mu Gidan Lauya

Ni mace ce mai son gida. A Abakpa Nike na haifi 'ya'yana duka, amma in aka sauke ni a tsakiyar Enugu aka ce in nemo hanya, sai dai a yi cigiyata a masallaci. Abin da Allah ya ba ni kunne ne. Ina tsakar gida ina gyaran alayyafo, labarin unguwa yake zuwa ya same ni.

'Yata ta fari, wadda ba na kama sunanta, ta auri wani yaron kirki ɗan Zariya. Ba a jima ba ya sami aiki a Kanada ya tafi, da nufin ta bi shi. Sai ta dawo ɗakinta na 'yanmatanci tana jiran takardu. Shekara ta wuce, wata ta kama hanya, aure yana ta gudana a cikin waya.

Lauyan da ke bin maganar takardun, shi Ibo ne, wani abokin maigidan ya haɗa su. Ya yi bautar ƙasa a Katsina, can ya tsinto wata irin Hausa mai ban dariya. Da Babbar Salla ya zo mana cin nama, ina ɗaki ina jinsa, duk wanda ya ja da shi sai ya ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah ƙarami-ƙarami." Fasfo ɗin yarinyar yana ofishinsa. Abin da muke da shi nasa lambar waya ɗaya ce tak. Garinsu, gidansa, matarsa, ba wanda ya taɓa tambaya. Mutumin da aboki ya kawo ai ba a yi masa binciken aure.

Da damina mahaifin lauyan ya rasu. Maigidan ya je ofis ya yi masa ta'aziyya, ni na aika da dambun nama. A wurinmu an gama ke nan. Na san mutanen nan suna ajiye gawa sai sun shirya bikin binnewa, amma sanin bai zo mini a kai ba lokacin da nake bukatarsa.

Gab da Kirsimeti saƙo ya shigo wayar yarinyar: ta zo Abuja ranar Laraba mai zuwa, da fasfo ɗinta, a ɗauki hoton yatsunta. Muka yi murna, har na yi guɗa. Ta kira lauya, waya a kashe. Ta tura saƙo, shiru. Washegari ta hau keke ta je ofis, ta tarar da kwaɗo. Mai gadin ginin ya ce mata, "Oga no dey," wato oga ba ya nan, ya ci gaba da jin rediyonsa. Abokin da ya haɗa su kuwa ya tafi Umra.

Masu shawara suka cika gida. Wani ya ce a kai ƙara ƙungiyar lauyoyi, sai aka ji su ma sun fara hutu. Wani ya ce a yi sabon fasfo, yarinyar ta ce ba zai fito kafin Laraba ba, kuma lambar tsohon ce a takardun. Maigidan ya ce a yi haƙuri, mutumin ba ɓarawo ba ne. Ita dai ta daina cin abinci. In mijin ya kira sai ta gyara murya ta ce komai lafiya, ta ajiye waya ta juya fuska bango.

Ranar Juma'a maƙwabciyata ta shigo aron turmi. Mijinta dillalin shanu ne a kara, kuma duk abin da ya faru a kara sai ya kwana a bakinta. Tana ta mitar wani mai saye da ya wahalar da shi jiya, ya zo da kawunnansa suna neman farin bijimi na bikin binne tsoho, ya yi ta jayayya kamar a kotu. Ta kwaikwayi muryarsa ta ce wai Alhaji ya ji tsoron Allah ƙarami-ƙarami.

Na ajiye wuƙa na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na tambaye ta ina za a kai bijimin, ta ce wani ƙauye ne can bayan gari, gobe da safe mijin zai kai da kansa.

Da maigidan ya dawo daga masallaci na gaya masa. Ya dube ni ya ce, "Yanzu ke sai ki je gidan mutuwa ki ce a ba ki fasfo?"

Na ce, "Gaisuwa za ni, Alhaji. In fasfo ya biyo ni ba zan kore shi ba."

Ya yi dariya ba da sonsa ba. Shi ya sayo goro da turmin atamfa, ya ce kada mu je hannu rabbana.

Haka ni da ba na leƙa bakin titi na tsinci kaina a gaban a-kori-kura, ni da yarinyar a matse kusa da dillali, bijimi a baya yana tokarin ƙarfe. Muna shiga ƙauyen muka ji ganguna. Rumfuna ko'ina, mata sun yi anko, hoton tsohon a ƙirjin kowa. Mai lasifika yana ganin mayafanmu ya ɗaga murya da Ibo, taro ya ɗau tafi. Yarinyar, da ta iya yarensu kamar a bakinta aka ƙera shi, ta raɗa mini cewa an sanar manyan baƙi daga Arewa sun kawo wa Barista bijimi. Na ce a gyara, ba mu muka saya ba. Dillali ya ce, "Hajiya, yi shiru ki sauka. Ni da na kawo dubu ba a taɓa tafa mini ba."

Lauya ya taho cikin fararen kaya, kai a aske, ya rame. Da ya gane mu sai idonsa ya kawo ruwa. Ya ce bai taɓa zaton za mu zo ba. Ya sa aka ba mu kujeru a gaba, aka kawo lemo, ya rantse mana shinkafar ba a sa mata komai da ba ma ci ba. Na yi masa gaisuwa yadda aka koya mini, na ba da goro da atamfa. Yarinyar tana ta mintsinina. Na ce ta bari. Mu a wurinmu ba a faɗin abin da ya kawo mutum a zaune. Sai an tashi tafiya, mai gida ya taka maka zuwa ƙofa, sannan ka ce af, na kusa mantawa.

To, ashe rakiyar ce babu. Muka miƙe muka yi sallama, ya gode, kafin in gyara mayafi wasu surukai sun iso da masu busa, aka janye shi cikin taro. Na tsaya riƙe da af ɗina a baki. Dillali kuma yana ta danna hon, rana tana yi.

Yarinyar ta saki hannuna. Ta nufi wata rumfa inda tsohuwar, matar mamacin, take zaune a tsakiyar mata. Ta durƙusa ta gaishe ta da yarensu. Tsohuwar ta kama haɓarta tana mamaki. Ina daga nesa ban ji ko kalma ba, amma na ga lokacin da fuskar tsohuwar ta sauya. Ta aika a kira ɗanta, ya zo da sauri, ta yi masa magana gajeriya tana nuna yarinyar. Ya dafe kai.

Ya same ni yana ta ba da haƙuri. Ya ce kiran dangi ne ya hana shi sakat ya kashe wayar, sakatariyarsa kuma 'yar ƙanwarsa ce, ga ta can tana raba abinci. Shi a lissafinsa sai bayan sabuwar shekara za a kira yarinyar. Ya ce me ya sa ban faɗa ba tun zuwanmu. Na ce ina jiran ƙofa ne. Bai gane ba, ni ma ban tsaya bayani ba.

Matarsa ce ta karɓi mukullin ofis ta kai mu can a motarta. Kafin mu tashi yarinyar ta karɓi lambar matar, da ta sakatariya, da ta wani lauya abokinsa. A hanya na tambaye ta me tsohuwar ta ce masa. Ta ce cewa ta yi, "Nawa mijin ya tafi inda ba a bi da takarda. Nata yana da rai, ka kulle mata hanya a cikin durowa."

Kafin la'asar fasfo yana jakarta. Ta ci tuwo malmala biyu a ranar, ta nemi ƙari. Talata ubanta ya raka ta tasha ta hau motar Abuja, bayan 'yan watanni kuma biza ta fito. Ranar da za ta tafi kowa yana yi mini barka, ni ina ta cusa mata kuka da daddawa a akwati, ina faɗa da ita a kan nauyin kaya don kada in yi kuka a gabanta. Ni na hau motar shanu na nemo mata hanyar barina, kuma ko yau aka ce in sake zan hau.