Mai Leƙena Daga Kebbe

A ofishin da na yi aikin akawu a Tambuwal ba a taɓa rasa abin yi ba, domin in babu fayil akwai waya. Da an sa hannu a littafin zuwa aiki, kowa zai ja kujera ya buɗe sitatus ɗinsa, wato ɗan hoto ko bidiyon nan da mutum ke ɗorawa a waya, ya kwana ɗaya ya ɓace. Ba hoton muke dubawa ba. A ƙarƙashinsa akwai wata 'yar alamar ido, in ka taɓa ta sai ta jero maka sunayen waɗanda suka kalla da lokacin da kowa ya kalla. Shugaban sashenmu in ya ɗora hotonsa da sabuwar babbar riga, azahar ta yi bai ga sunanka ba, to gobe ko ka durƙusa har ƙasa da kai kawai zai amsa gaisuwarka. Saboda haka mukan kalla tun kafin mu karya, ko da hoton bai gama buɗewa ba.

Muna da masani a wannan fanni, mai kula da sito, wanda muke kira malamin ido. Mutumin da bai san adadin kujerun da ke sitonsa ba, amma miƙa masa wayarka, yanzun nan zai faɗa maka mai ƙaunarka da mai yi maka hassada. Wanda ya kalla da wuri, ɗan sa ido ne. Wanda ya kalla a makare, girman kai ke damunsa. Wanda bai kalla ba kuwa, wannan a yi hattara da shi. Ni da kaina na yi masa dariya wata da watanni, har ranar da na kai masa tawa wayar.

Abin da ya kai ni shi ne ƙanena. Mu mutanen Kebbe ne, ni ne ɗan fari, aiki ya kawo ni Tambuwal, shi kuma ya zauna gida yana riƙe da gona da shanu da mahaifiyarmu, Inna. Da aka haifa masa ɗa namiji, ni ya kamata in raɗa suna, tunda mahaifinmu ya rasu, ni ne babba. Ranar suna aka tafka ruwa, hanya ta yanke, na iso bayan azahar jiƙe sharkaf, na tarar an raɗa, an yanka rago, har an fara rabon nama. Wai liman ba zai iya jira ba. Liman! A gaban mutane na rantse ba zan sake taka Kebbe ba sai ƙanena ya zo har Tambuwal ya ba ni haƙuri. Na juya babur ko ruwa ban sha ba.

Shekara ta zagayo bai zo ba, ni ma ban je ba. Abin da ke cina a rai, wanda ban faɗa wa kowa ba, shi ne Inna. Ta tsufa, ga ciwon ƙafa, kuma ba ni da hanyar jin muryarta. Ita irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba, in za ta ambace ni sai ta ce "mutumin Tambuwal". Mai irin wannan kunya ba za ta karɓi waya ta ce tana kewata ba. In ina son ganinta sai na je, in na je kuma na karya rantsuwa a gaban ƙanena. Na zaɓi rantsuwar.

Amma kullum, bayan la'asar da kaɗan, sunan ƙanena na bayyana a ƙarƙashin idon nan. Ko hoton me na ɗora, ko buhun takin zamani ne, sai ya kalla. Bai taɓa rubuta ko kalma ɗaya ba.

Malamin ido ya karɓi wayar, ya gyara tabarau, ya daɗe yana jinjina kai. Ya ce, "Akawu, wanga ba kallo na ba, gadi na. Duba lokaci. Kullum bayan la'asar. Mai ƙaunarka ba ya da lokaci, ɗan rahoto shi ka da lokaci."

Na ce, "To sau nawa yake kallo?"

Ya ce abin ba ya ƙirga maimaici, ko mutum ya kalla sau ɗari, sau ɗaya za a rubuta. "Amma ni ina ganewa. Wanga sau guda shika kallo, shi yi tsaki, shi aje."

Wallahi sai da na ji tsakin a kunnena. Daga ranar na mai da sitatus ɗina filin habaici. Na fara da rubutu, irin su ƙaramin da bai san babba ba, da masu mance alheri. Ya kalla, shiru. Na sayi sabuwar shadda na tsaya jikin motar shugaban sashe aka ɗauke ni, don ya san ban lalace ba. Ya kalla, shiru. Malamin ido ya ce rubutu ba ya huda irin waɗannan mutane, in yi da baki. Sai na shiga sito na zauna kan kujera mai juyawa, ya riƙe mini waya, na murtuke fuska na ce:

"Akwai mai leƙena kullum daga Kebbe. To na gani, kullum ina gani. A ji kunya! Ni na shafe hanyar garin nan, ko mi ya faru kada a neme ni."

Sau uku muka sake ɗauka, don a na farko na yi tari, a na biyu kujerar ta juya da ni. 'Yan ofis suka yi ta yaba mini. Bayan la'asar sunan ya bayyana, na yi murmushi na ce ya sha.

Washegari na ɗora hoto, la'asar ta wuce, babu sunan. Jibi ma babu. Mako guda cur babu. Ni da na ce a daina leƙena, sai ga ni ina taɓa idon nan har cikin sahun sallah kafin a tayar. Mutum arba'in da wani abu sun kalla, har da shugaban sashe, amma ji nake kamar ba wanda ya kalla. Malamin ido ya ce ai ƙanen nawa ya kashe alamar ne, yana kallo a ɓoye. Raina ya ƙara ɓaci. Ka yi mini laifi, ka ƙi ba ni haƙuri, yanzu kuma kallon ma ka hana ni gani? Ranar Asabar na hau babur. Na gaya wa kaina wannan ba karya rantsuwa ba ce, bincike ne.

Na tarar da shi a zaure yana tufka igiyar shanu. Ya miƙe da sauri ya ce, "Yaya, sannu da hanya." Na ce, "Don mi ka bar kallon sitatus ɗina?"

Ya tsaya yana dubana kamar na yi masa wani yare. Can ya ce, "Yaya, ni ban taɓa kallon abin nan naka ba. Ina ni ina lokaci? Inna ta."

Ya ce kullum in ya dawo daga wurin shanu, kafin ya sha ko fura, sai ta ce ya hau tudun bayan gida inda ake samun sabis ya buɗo mata mutumin Tambuwal. Sai ta karɓi wayar ta shige ɗaki ta saki labule, don kada a gan ta tana kallon ɗan fari. Ba ta karatun boko, saboda haka duk habaicin da na rubuta bai same ta ba. Fuska take nema. Hoton shaddar nan, ya ce, sai da cajin wayar ya ƙare a hannunta, ta fito tana cewa mutumin ya rame.

Na ce, "Bidiyon fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Shi ma ta gani. Ta yi ta maimaita shi, muna jiyo muryarka sama-sama daga tsakar gida. Da ta fito sai ta tambaye ni, wai in ta duba kana ganin ta? Ni kuma ban san abin da ka ce ciki ba tukuna, na ce mata i, ana nuna maka duk wanda ya duba. Ta miƙo min wayar ta ce kada in sake kawo mata."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ban taɓa jin kunya da tsanar kaina irin ta ranar ba. Ƙanena ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka.

Na shiga cikin gida na yi sallama na durƙusa a ƙofar ɗakinta. Tana zaune kan tabarma ta miƙe ƙafar da ke ciwo, matar ƙanena na shafa mata man zafi. Ta amsa sallamar tana duban bango. Ta ce a kawo wa baƙo ruwa. Na buɗe baki in yi bayani, in ce ba da ita nake ba, in ce kuskure ne, amma ta riga ni. Ba da ni ta yi maganar ba, da surukarta ta yi, murya ƙasa-ƙasa.

"Ki ce mishi na bari, ban ƙara dubawa. Kada shi shafe hanya saboda ni."